Mangwaro na zuba, wuta babu: wa ya iya lemon khal?

Maman Ikilima, gefen Birnin Kudu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Tambaya ce da ni, don Allah kar a ga tsawonta a wuce.

Bishiyar mangwaro uku ce a bayan gidanmu, biyu mai zare, ɗaya binta siga. Bana sun yi 'ya'ya har reshe yana kwanciya a kan katanga. Matsalar, duk garin haka ne, mangwaron kowa lokaci ɗaya ya nuna. Masu motar da suke zuwa saye su kai 'Yan Lemo a Kano, wanda bai gama nuna ba suke ɗauka, wanda zai jure hanya. Wanda ya faɗo da kansa ya fashe kuwa, yara sun sha har sun ƙosa, awaki ma sun fara shinshinawa su wuce. Kullum da safe sai na share na kai juji, raina yana ɓaci.

Sana'ata zoɓo da kunun aya. Ina ƙullawa a leda, almajirina ya kai tasha da bakin makaranta. Wuta dai kun san halin da ake ciki, firijin da aka kawo ni ɗaki da shi ya koma ma'ajiyar kwanuka. Ƙanƙara saye nake yi, a wannan zafin kuma ita ke cinye rabin ribar. Duk abin da ya kwana bai ƙare ba ya zama asara.

To, a bikin 'yar yayata a Dutse, wata ƙawar uwar amarya ta zo da wani abu a gora, mai kauri-kauri, ta dinga tsiyaya kaɗan a kula tana cikawa da ruwan sanyi. Ƙamshin abarba da citta, ga wani tsami mai kama maƙogwaro wanda ba na lemon tsami ba ne, ba kuma na tsamiya ba. Da na tambaye ta sai ta ce khal ne, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, da sukari da abarba, wai gorar ta fi wata guda a ɗakinta ba firiji. Hidimar biki ba ta bari mun zauna ba, ko lambarta ban samu karɓa ba.

Da na dawo na ga wani bidiyo a waya ana cewa shi kansa khal ɗin ana yinsa a gida. Na yanka mangwaro a bokiti, na zuba sukari da ruwa, na rufe da murfi gam. Ba a daɗe ba ya fara kumfa, murfin yana ɗagawa, ga wani wari. Maigida da ya shigo ya ce wannan ai warin giya ne, a fitar masa da shi daga gida. Na zubar.

Abin da nake son sani: da gaske ne abin yana daɗewa haka ba firiji? Zai yiwu da mangwaro? Sannan wancan na bokitin, khal ne yake shirin zama ko giya na haɗa ban sani ba? Ba na son in sayar wa 'ya'yan mutane abin da zan amsa tambayarsa gobe ƙiyama.

Goggo Mai Zoɓo, Ringim

Wa alaikumus salam 'yata. Gyara zama ki ji, wannan hanyar na daɗe ina binta. Wata maƙwabciyata da ta yi zaman Makka shekaru ita ta koya mini, Allah ya jiƙanta.

Aiki biyu kika haɗa wuri ɗaya. Yin khal daban, yin lemo da khal daban. Matar Dutse na biyun ta yi, ke kuma na farkon kika kama a bokiti. Ki ajiye na farkon tukuna, ba shi ne zai fishshe ki bana ba. Ki sayi khal ɗinki a kanti, wanda ya riga ya zama khal, ki yi aiki da shi.

Ma'auninsa ba wuya: ɗaya, ɗaya, ɗaya. Kofi ɗaya na yankakken mangwaro, kofi ɗaya na khal, kofi ɗaya na sukari. In da gwangwani kika auna, gwangwani ne duka. In kwano, kwano. Inda mutane suke faɗawa rami shi ne wanda za a fara zubawa. Masu bidiyon nan za su ce ki barbaɗa sukari a kan 'ya'yan itace ki bar shi kwana ɗaya ko biyu ya fitar da ruwa, sannan ki zuba khal. Ba ƙarya suka yi ba, amma su a firiji suke barinsa. Mu nan, a zafin bazara, ki bar nunannen mangwaro da sukari ya kwana a ɗakin kwano, kafin hantsi ya fara tsatstsafo da kumfa. Don haka ni juyawa nake yi. Khal ne farko, sukari ne ƙarshe.

Ki zaɓi mangwaron. Wanda ya faɗo ya fashe ba laifi, ki yanke inda ya bugu ki yar. Amma mai tsutsa, da wanda cikinsa ya yi baƙi, da wanda ya riga ya fara warin tsami, na awaki ne. Khal ba ya tayar da ruɓaɓɓe. Ki wanke, ki fere ɓawon, musamman wajen kan nan mai ƙaro, don shi ke kawo ɗaci da ƙaiƙayin baki. Ki yanka ƙanana ki zuba a kwalba mai faɗin baki wadda kika ɗauraye da tafasasshen ruwa ta bushe a rana. Ki daka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa ki jefa. Sai ki zuba khal har ya shanye kan mangwaron. Wannan ki riƙe shi da kyau: duk yankan da ya leƙo sama ya sha iska, a kansa funfuna za ta fara. In suna tasowa, ki ƙulla ruwa a farar leda mai tsabta ki ɗora a kai ta danne su. In murfin kwalbar na ƙarfe ne, ki shimfiɗa leda kafin ki rufe, in ba haka ba tsatsa zai yi ya ɗiga miki a ciki.

Ki ajiye a inda ya fi sanyi a ɗakinki. Ni gindin randa nake sawa. Kwana uku zuwa huɗu, kullum ki ɗan girgiza. Za ki ga khal ɗin ya koma ruwan ɗorawa, mangwaron kuma ya koɗe. Sai ki tace da mataci, ki sake tacewa da ƙyalle mai tsabta. Mai zaren nan kar ki matse shi da ƙarfi, ki bar shi ya ɗiga da kansa, in kika matsa kunu za ki samu, kuma mai tuƙa a ciki ya fi saurin lalacewa.

Yanzu ne sukari zai shigo. Ki juye ruwan a tukunya, ki zuba sukarin, ki sa wuta kaɗan kina juyawa har ya narke, gefen tukunyar ya fara 'yan ƙananan ƙwayaye. Shi ke nan, sauke. Kar ki bari ya yi ta tafarfasa, ƙamshin mangwaron zai gudu, ƙarfin khal ɗin ma ya ragu. Kuma kar ki sa fuskarki a kan tururin, sai kin yi tari har hawaye.

Maganar tukunya, nan ne nake faɗa da 'yan matan gidana. Ban da tukunyar dalma, ban da ta baƙin ƙarfe. Tsami yana cinsu, lemon ya fito da ɗanɗanon ƙarfe, launinsa ya dushe. Ki nemi irin mai ƙyallin nan da ba ta tsatsa, ko samira wadda cikinta bai ɓantare ba. Cokalin juyawa na katako ko na roba.

In kina son na'a-na'a, bayan kin sauke za ki jefa, ki rufe, in ya huce ki tsame. In ta kwana biyu a cikin khal baƙi take yi, ƙamshinta ya koma na dafaffen ganye. Kanumfari kuwa sarkin mamaya ne, ƙwaya uku ko huɗu sun ishi lita guda. Na taɓa shan na wata da ta zuba cikin hannu, wallahi sai ka ce maganin haƙori.

Ki ɗura a kwalba da ɗuminsa, amma ki fara ɗumama kwalbar da ruwan zafi kar ta fashe. In gorar roba ce ki jira ya huce sarai. Ranar farko in kika ɗanɗana za ki ce Goggo ta cuce ni, don khal ɗin yana nan da fushinsa. Ki ba shi mako guda. Yana kwanciya, tsamin ya shige cikin zaƙin.

Wajen sha, ludayi ɗaya nasa, biyar ko shida na ruwa. Abin da zai amfane ki a sana'a shi ne wannan: mai kaurin ne yake daɗewa, wanda aka sirka da ruwa ba ya kwana. Ki sirka iya wanda za ki sayar ranar, in ya ƙare da azahar ki ƙara wani cikin minti biyar, ba hura wuta, ba jiran ya huce. Ƙanƙara dai ba za ki rabu da ita ba, mutanenmu ba sa sayen abu da ɗumi, amma asarar kwantai ta ƙare. Nawa yana yin wata guda a gindin randa lafiya lau, in dai ban sa jiƙaƙƙen ludayi a ciki ba. Tsiyayawa ake yi, ba ɗiba ba.

Tunda kina yin zoɓo bari in ƙara miki. Zoɓo da tsaminsa ya zo, rabin khal ya ishe shi, amma ki dafa shi da kauri, kuma wannan kar ki ajiye shi ya daɗe kamar na mangwaro. Launin da yake bayarwa kuwa, ja zur, ya fi na kullum kyau. Gwaiba in lokacinta ya zo ita ce sarauniya, ƙamshinta ba ya jin tsoron khal. Busasshen dabino irin na Dutse, ki cire ƙwallon ki jiƙa a khal, rabin sukari ya isa, wannan shi nake yi wa tsofaffi. Kankana kar ki ɓata khal ɗinki, ruwa ce zalla, tana tsinka shi, kwana kaɗan ta canza wari. Duk abin da madara ko nono ya shiga, kar khal ya kusance shi, guda-guda zai yi. Sannan don Allah, ban da kanwa. Na san hannunmu ya saba, in yakuwa ta yi tsami sai mu jefa kanwa. A nan in kika jefa, kumfa zai yi ya zube, kin kashe abin da yake tsare lemon. In ya yi miki tsami, ruwa za ki ƙara a kofi.

Tuƙar mangwaron da kika tace kar ki zubar. Ki soya albasa da attaruhu, ki juye ta a ciki da gishiri. Da awara ko dafa-duka, sai kin ɓoye wa yara.

Ɗan Fadama, Haɗeja

Goggo, a yi mini afuwa, kin taɓa mu masu kankana, amma na yafe tunda gaskiya kika faɗa.

Ni dai abin da ban gane ba, ga tsamiya a kowace gona, ga lemon tsami, ga kuka, me ya kai mu sayen tsami a kwalba daga kanti? Sannan a duba lissafin. Kofin sukari a kan kowane kofin mangwaro, a tsadar sukarin nan? Mangwaron kyauta ne, amma an ɗora masa kaya biyu na kuɗi. Mu nan in tumatir ya yi kwantai yankawa muke mu shanya ya zama kauɗa, rana ba ta karɓar ko sisi. Hajiya ki fere mangwaronki ki yanka siri-siri, ki shanya a kan tabarma mai tsabta ki rufa da gidan sauro saboda ƙuda. A wannan ranar da ake yi, ba zai ɗau lokaci ba. Da damina ki jiƙa ki yi lemonki.

Almajirin Malam, Gaya

Malama, Allah ya saka da alheri da kika tsaya tambaya kafin sayarwa. Ni ɗalibi ne, abin da na karanta a gaban malamai zan faɗa.

Shi khal halal ne, babu saɓani. A cikin Sahihu Muslim, Jabir ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi abin haɗawa da gurasa a gidansa, aka ce babu komai sai khal, ya ci da shi yana yabonsa. Saboda haka hanyar da Goggo ta bayar, a zuba khal a kan mangwaro, ba ta da wata shubuha. Kamar jiƙa tsamiya ne.

Na bokitin ne yake da magana. A Muslim ɗin dai, Ibn Abbas ya ba da labarin cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha ranar, ya sha washegari, har yammacin kwana na uku, abin da ya rage kuma a bayar a shanye ko a zubar. Malamai suka ce dalili shi ne tsoron kar ya juya ya zama mai sa maye. A ƙasa mai zafi kuwa juyawar ba ta jiran kwana uku. To abin da ya yi kumfa, ya ɗaga murfi, ya yi warin da maigida ya ji, ba a shansa, ba a sayar da shi. Hancinsa bai yi ƙarya ba.

Sai batun in an bar shi ya wuce nan ya zama khal. Giyar da ta juye da kanta ta zama khal, malamai sun haɗu a kan ta tsarkaka. Inda suka rabu shi ne mutum ya ɗauki giya ya sa mata wani abu da gangan don ta juye. Akwai hadisin Anas a Muslim, an tambayi Annabi ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. Shafi'iyya da Hanbaliyya da wannan suka riƙe. Hanafiyya sun halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki, duk da cewa akwai maganar karhanci a kan shi aikin. Wasu malaman kuma suka ba da mafita: mai son yin khal ya zuba tsohon khal a cikin ruwan 'ya'yan itacen tun kafin ya fara kumfa. Ki lura kuma, wanda tun farko khal ya nufa ba ɗaya yake da wanda ya ajiye giya ba. Amma in za ki shiga yin khal ɗin da kanki, ki sa maigida ya zauna da malamin garinku, a yi masa bayanin yadda aikin yake dalla-dalla.

Shan khal da zaƙi kuma ba baƙon abu ba ne a wajen Musulmi. Likitocin da, irin su Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, sun yi ta ambaton sakanjabin, wato khal da zuma, kuma har yau mutanen Iran suna shansa da na'a-na'a lokacin zafi. Allah ne mafi sani.

Malamin Kimiyya, Kazaure

Goggo ta gama magana, ni dalilan kawai zan ɗora, sai amsar Ɗan Fadama.

Maman Ikilima, abin da ya faru a bokitinki mataki biyu ne, kika tsaya a na farko. A jikin ɓawon kowane ɗan itace akwai yis, ɗan uwan wanda ake sa wa fanke. Shi ne yake cin sukari ya fitar da barasa da iska, iskar ce kumfar da kika gani. Bayansa akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke cin ita barasar su mayar da ita tsamin khal, amma su ba sa aiki sai da iskar shaƙa. Louis Pasteur na Faransa ya yi bayanin wannan tun a 1864. Da kika rufe bokitin gam, kin ba wa yis fili kin toshe wa na biyun hanci. Masu yin khal ƙyalle suke ɗaurawa a bakin mazubi, iska ta shiga, ƙananan ƙudajen nan kuma su kasa shiga. Aikin yana cin makonni, har wata fata mai santsi ta taru a sama, wadda ake ɗiba a sa wa sabon haɗi. Ƙwayoyin sun fi son ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Lokacin da mangwaro ya fi yawa shi ne lokacin da ya fi wuyar yin khal a nan.

Ko kin yi nasara ma, ba ki da abin auna ƙarfinsa. Na kanti an rubuta a jikinsa, ki duba ki ga kashi 5 cikin ɗari. Ma'aunin Goggo a kan wannan ƙarfin ya ginu, don ruwan mangwaro da sukari suna tsinka shi ya koma wajen rabi. In kika fara da mai rauni, abin da zai rage ba zai tsare komai ba. Kuma ki guji wanda ake ɗurawa a gora ba takarda ba lambar hukuma. Akwai ruwan asid mai ƙarfi da ake amfani da shi a masana'antu, warinsu ɗaya da khal, amma yana ƙona baki da maƙogwaro.

Ɗan Fadama, tambayarka mai kyau ce. A harshe tsami duk tsami ne, a wajen ƙwayoyin cuta ba haka ba ne. Tsamin khal yana ratsa jikinsu ya shiga ciki ya hana su aiki, fiye da yadda na tsamiya ko na lemon tsami yake yi. Shi ya sa jiƙon tsamiya yake yin funfuna cikin 'yan kwanaki, khal kuwa yana shekara a kwalba. Shanyawar da ka kawo kuma shawara ce ta gaske, babu abin da ya hana a yi duka biyun.

Uwargidana ma'aikaciyar lafiya ce, tana gefena ta ce lallai in ƙara waɗannan. Kar a sha shi tsurarsa, yana cin ƙarfin haƙori. A sirka, in an sha a kuskure baki da ruwa, kar a bi shi da buroshi ko asuwaki nan take. Mai gyambon ciki ko yawan ƙwannafi ya yi hankali, musamman a kan yunwa, kamar lokacin buɗa-baki. Masu tallan cewa khal yana warkar da ciwon siga ko yana narkar da teɓa, kar ki bi sahunsu don ki yi ciniki. Abin da sulusinsa sukari ne ba maganin mai siga ba ne. In da zuma aka yi, ba a ba wa jaririn da bai shekara ba. Gorar da kika ga ta kumbura, ko ta yi tsaki da kika buɗe, ko kika ga funfuna a sama, zubarwa ake yi duka, ba a kwashe saman a sha na ƙasa.

Maman Ikilima, gefen Birnin Kudu

Kai jama'a, Allah ya biya ku, ya jiƙan mahaifa. Na karanta wa maigida amsar Malam, ya ce to yanzu hankalinsa ya kwanta, har yana cewa dama shi ya san hancinsa. Ɗan Fadama, na sa yara sun fara fere na shanyawa tun ɗazu.

Goggo, saura abu biyu. A kantin da ke bakin titi na ga khal iri biyu, fari kamar ruwa, da wani ja-ja da aka ce khal ɗin tuffa ne, kuɗinsa ya ninka na farin. Wanne zan saya? Sannan maganar Ɗan Fadama ta tsaya mini a rai, sukarin nan. Mazarƙwaila za ta yi? Tana da sauƙi a kasuwarmu.

Goggo Mai Zoɓo, Ringim

Farin za ki saya 'yata. Na tuffa ya fi laushi a baki, in na gida ne ko na baƙi ina sa shi, amma a sana'a ba zai fitar da ke ba. Kuma farin ba shi da ƙamshin kansa, yana barin mangwaro ya yi magana. Ki dai duba 5 ɗin nan da Malamin Kimiyya ya ce.

Shi kuma ɗana na Haɗeja, a kofi ya tsaya da lissafi, bai bi shi har leda ba. Kofin mangwaro da na khal da na sukari, in an tace an dafa, suna ba da kusan kofi biyu na mai kauri. Ki sirka ɗaya da biyar, kin tashi da kofi 12. Ke da kike zoɓo kullum, kofin sukari nawa kike zuba wa kofi 12 na zoɓo? Kin ga kusan duk ɗaya ne. Kuɗin khal ɗin ne kawai ƙari, shi kuma ki ɗora shi a kan abin da kike zubarwa na kwantai ki gani. Binta sigar nan taki ma kina iya rage mata sukari kaɗan, amma kar ki rage khal.

Mazarƙwaila tana yi, sai dai ki san abin da za ki samu. Launin zai koma na shayi, ɗanɗanonta kuma yana hawa kan na mangwaro. Da citta ko da dabino ta fi dacewa, can ne take nuna kanta. In za ki sa, ki farfasa ta, ki narka a cikin tataccen khal ɗin a kan wuta, ki sake tacewa da ƙyalle saboda yashi da ɓurɓushin rake. Kar ki narka ta da ruwa daban, kin ƙara tsinka khal ɗin ke nan. Ni a na mangwaro rabi da rabi nake yi in sukari ya yi tsada.

Ki fara da kwalba ɗaya, kar ki tara bokiti. In ya yi mako ya kwanta, ki ƙulla kaɗan ki ba almajirinki ya kai tasha tukuna. Direbobi da 'yan dako sun fi son mai kama maƙogwaro, na wajensu ɗaya da biyar. 'Yan makaranta sai kin kai ɗaya da bakwai kin ɗan ƙara sukari a kula, in ba haka ba yamutsa fuska za su yi su koma kan zoɓo. Ki manna takarda a jikin kowace kwalba ki rubuta ranar da kika ɗura, ki dinga fara buɗe wadda ta riga.